Gasar da ta Mutu a kan Kuɗin Shiga

A cikin watan Agusta na shekarar 1954, a wani fili da ke bayan birnin Shikago na ƙasar Amurka, wani ɗan tsamurmurin mutum mai suna Bob Toski ya tura ƙwallonsa cikin rami na ƙarshe, aka miƙa masa cakin kuɗi na dala 50,000. A wannan shekarar wanda ya ci gasar Masters dala 5,000 ya samu, wanda ya ci Babbar Gasar Amurka kuwa dala 6,000. Watau abin da Toski ya kwasa cikin kwana huɗu ya ninka ladan Masters har sau goma. Tun da aka fara wasan golf ba a taɓa ba ɗan wasa irin wannan kuɗi a gasa guda ba. Bayan shekara huɗu kuma sai ga shi babu gasar, babu dalilinta.

Sunan gasar World Championship of Golf, watau Gasar Golf ta Duniya. An fara ta a 1946, an yi ta ƙarshe a 1957, duka-duka sau goma sha biyu ke nan. Yau ko a cikin masu buga wasan ba kowa ya taɓa jin sunanta ba. Ni kuwa na daɗe labarinta yana cin raina, domin a cikinsa akwai wata tambaya wadda ba ta golf ce kaɗai ba: shin abin da mutum ɗaya ya gina da kuɗinsa don jama'a, nasa ne ko na jama'a ne?

Kafin mu yi nisa, bari in ɗan kwance wa mai karatu wanda bai taɓa taka filin ba yadda wasan yake. Golf, wanda gidajen rediyo suke kira ƙwallon lambu, ana yinsa ne a makeken fili mai ramuka 18. Ɗan wasa zai bugi ɗan ƙaramin ƙwallo da sanda daga wani wuri da aka keɓe, ya bi shi yana bugu har ya shiga rami, sa'an nan ya wuce rami na gaba. Wanda bugunsa ya fi kaɗan shi ne ya ci. A manyan gasa akan zagaye filin sau huɗu cikin kwana huɗu, ramuka 72 ke nan, kuma sau da yawa bugu ɗaya tak ne yake raba wanda ya ci da wanda ya zo na biyu. A riƙe wannan, don zai yi mana amfani nan gaba.

Ni ba daga littafi na fara sanin wasan nan ba, daga kafaɗa na fara saninsa. Lokacin da muke 'yan makaranta, a farkon shekarun 1970, in an yi hutu mukan je filin golf na garinmu mu ɗauki jakar sanduna ga Turawan kamfani da manyan ma'aikata, a sallame mu da 'yan sulalla, daga baya da aka canja kuɗi a 1973 a sallame mu da kwabbai. Filinmu ba irin wanda ake gani kore shar a hoto ba ne. Kewayen kowane rami yashi ne da aka kwaɓa da baƙin mai aka daddaɓe, kuma akwai mai jan tsumman buhu yana share wa ƙwallo hanya kafin a buga. Mu yara mun san kowane kwari da kowace sabara a filin fiye da iyayen gidan namu, mu ne muke gaya musu sandar da ta dace, amma iyakarmu bakin ƙofar kulob. Saboda haka da na girma na fara karanta tarihin wasan, idona bai tsaya a kan zakaru ba, sai ya riƙa neman waɗanda aka bari a bakin ƙofa, da kuma wanda ya buɗe musu. Ta nan na ci karo da George S. May.

An haifi May a 1890 a jihar Ilinoi. Da ƙuruciyarsa tallar Littafin Baibul ya yi, yana bin tarukan masu wa'azi yana sayarwa. A 1925 ya kafa kamfani a Shikago wanda aikinsa shi ne ba 'yan kasuwa shawara a kan yadda za su tsara harkokinsu su ci riba, kuma ya yi arziki da wannan sana'a ƙwarai. A ƙarshen shekarun 1930 wani kulob na golf mai suna Tam O'Shanter, a garin Niles da ke arewa maso yamma da Shikago, ya koma hannunsa. Mutum ne mai son a gan shi. A zamanin da manyan golf ba sa fita sai da kwat da laktaye, shi da riguna masu zanen furanni yake yawo cikin taro. Ya ƙawata kulob ɗin da abubuwan da masu tsohon kuɗi suke ɗauka ƙauyanci ne, har da wayar tarho a wuraren da ake fara bugu, don ɗan kasuwa ya yi ciniki yana tsakiyar wasa.

Abin da May ya hango, wanda shugabannin wasan ba su hango ba, shi ne talaka ma zai zo kallon golf in an sassauta masa. A 1941 ya shirya gasarsa ta farko, wadda daga baya aka san ta da All American Open, ya sa kuɗin kallo dala ɗaya. Sai ga ma'aikatan masana'antu da direbobi da masu shaguna sun cika filin, mutanen da ba su taɓa riƙe sanda ba. Ya gina musu wuraren zama masu hawa-hawa a bakin ramuka, ya kafa manyan alluna waɗanda ake rubuta sakamako a kai rami bayan rami, don mai kallo ya san inda aka kwana ba sai ya bi kowane ɗan wasa da ƙafa ba. Waɗannan abubuwa yau babu gasar da ake yi ba tare da su ba, har mutum ya zaci tare aka halicce su da wasan. A lokacin kuwa dariya aka yi masa, aka ce ya mai da wasan dattawa wasan kura.

Byron Nelson ne ya ci ta farkon, ya sake ci a 1942 da 1944 da 1945. Cin da ya yi a 1945 yana cikin jerin gasa goma sha ɗaya da ya ci a jere a wannan shekara, abin da har yau ba a sake yi ba.

Tun a nan aka fara ganin inda May da 'yan wasa za su saɓa. Ya ce kowane ɗan wasa ya liƙa lamba a bayansa, don mai kallo ya duba takarda ya san ko wane ne. Wasu daga cikin manya suka ƙi, suna ganin an mai da su dawakin sukuwa. A ganina kowa yana da tasa gaskiyar. Mutumin da ya biya dalarsa yana da hakkin ya san wanda yake kallo. Ai yanzu sunan ɗan wasa ne ake rubutawa ɓaro-ɓaro a bayan mai ɗaukar masa jaka, ba wanda ya ce uffan. Amma su ma 'yan wasan ba lambar ce kurum ta ɓata musu rai ba. Sun lura cewa mutumin nan ba shawara yake yi da su ba, umurni yake ba su, kuma wanda ya ci ladan kuturu ai ya san abin da ke gabansa.

Akwai dai abu guda wanda ba zan yarda a rage wa May ladansa ba. A 1934 ƙungiyar ƙwararrun 'yan golf ta Amurka, wadda ake kira PGA, ta sa wata doka a cikin tsarin mulkinta cewa farar fata kaɗai ne zai zama ɗan ƙungiya. Ba a soke wannan doka ba sai a watan Nuwamba na 1961. A tsakanin nan baƙaƙen fata na Amurka, waɗanda yawancinsu da ɗaukar jaka suka koyi wasan kamar yadda muka koya, suna cikin tasu ƙungiyar suna ta gasa a tsakaninsu a filayen gwamnati, a kan ladan da bai taka kara ya karya ba. Gasar Turawa da suke iya shiga ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba: akwai ta Los Anjalis, akwai ta ƙasar Kanada, sai kuma ta May. Tun cikin shekarun Yaƙin Duniya na Biyu baƙaƙe suke buga wasa a Tam O'Shanter. Ted Rhodes da Bill Spiller, gwanayen da aka hana su wasa a gasar Richmond ta Kalifoniya a 1948 har suka kai ƙara kotu, sun yi wasa a can. Joe Louis, zakaran damben duniya, wanda Allah ya jarabce shi da son golf, shi ma ya yi.

Wani zai ce ai ba don Allah May ya yi ba, don taro ya yi, domin duk inda Joe Louis ya sa ƙafa jama'a za su bi. Na yarda. Amma ni da na taɓa tsayawa a bakin ƙofa, ban cika damuwa da abin da ke zuciyar mai buɗe ƙofa ba. Sauran masu gasa su ma suna son taro, su ma sun san Joe Louis, amma suka bar ƙofofinsu a garƙame. Haka kuma ya shirya wa mata tasu gasar a fili ɗaya da mako ɗaya da ta maza, a zamanin da ƙwararrun mata suke neman inda za su yi wasa ido rufe. Babe Zaharias ta ci Gasar Duniya ta mata sau huɗu a jere, daga 1948 zuwa 1951. Ya kuma riƙa gayyato 'yan wasa daga ƙetare da kuɗinsa. Bobby Locke na Afirka ta Kudu ya zo ya ci All American a 1947.

To, ita Gasar Duniya da muke magana a kanta, da farko 'yar ƙarama ce, kamar ƙarin miya a kan All American. A 1946 'yan wasa ƙalilan ne aka zaɓa suka kara, Sam Snead ya ci. Ben Hogan ya ci a 1947, Lloyd Mangrum a 1948. Daga 1949 ta zama cikakkiyar gasa ta ramuka 72, ana yin ta a makon da ke bin All American, watau mako biyu cur duniyar golf tana zaune a gidan May. Johnny Palmer ya ci a 1949, Henry Ransom a 1950, Hogan ya sake ci a 1951. A 1952 May ya ɗaga ladan zakara zuwa dala 25,000, Julius Boros ya kwashe. Lokaci zuwa lokaci ƙari yake yi, kamar mai gwanjon da ba shi da abokin tayi sai kansa.

Shekarar 1953 ita ce wadda ta sa sunan gasar nan ba zai ɓace ɗungum ba. A wannan shekara May ya kawo talabijin. Kafin nan ba a taɓa nuna gasar golf kai tsaye a duk faɗin Amurka ba, kuma masu gidajen talabijin ba su ga abin kallo a cikin mutane suna tafiya a hankali a kan ciyawa ba. Abin da zai ba mutumin yau mamaki shi ne, ba kamfanin ABC ne ya biya May don ya nuna gasarsa ba, May ne ya biya kamfanin. Na'urar ɗaukar hoto guda aka kafa a sama, a bayan rami na 18, ita ce take kallon masu tahowa.

Ranar ƙarshe, da yamma, Chandler Harper, wanda ya taɓa cin gasar PGA a 1950, ya gama wasansa da bugu 279. Kowa ya ɗauka an gama. Mutum ɗaya ne ya rage a fili wanda zai iya kamo shi, Lew Worsham, zakaran Babbar Gasar Amurka ta 1947. Ramin ƙarshen nan gwani yakan gama shi da bugu huɗu. In Worsham ya gama da uku, sun yi kunnen doki da Harper, sai a sake karawa. Ya yi bugun farko, ƙwallo ya tsaya yadi ɗari da 'yan kai daga rami, ga kuma rafi a tsakani. Abin da yake nema shi ne ya aje ƙwallon kusa da rami, ya tura shi a bugu na uku. Ya ɗauki sandar da ake ɗaga ƙwallo sama da ita, ya buga. Ƙwallo ya ƙetare rafi, ya sauka a kan lallausar ciyawa, ya gangara, ya yi ta gangarawa, sai ga shi cikin rami. Bugu biyu. Jimla 278. Harper yana tsaye a gefe ana shirin yi masa barka, dala 25,000 suka bar hannunsa suka koma na wani.

Duk wanda ya taɓa ɗaukar jaka ya san irin wannan bugu. Mutum zai yi shekara ashirin yana wasa bai gan shi sau uku ba. Amma a ce ya faɗo a rami na ƙarshe, a bugun ƙarshe, a kan lada mafi tsoka a duniya, kuma a ranar farko da aka kunna talabijin, a gaban na'ura guda wadda ba ta kallon ko'ina sai nan, wannan kam sai a ce rabo. Da May ne ya tsara shi da hannunsa, da bai kai haka kyau ba. Mutanen da ba su san golf ba suka kwana suna zancensa. A shekarar da ta biyo, 1954, aka fara nuna Babbar Gasar Amurka a talabijin a ƙasa baki ɗaya, Masters kuma ta bi sahu a 1956. May da kansa, da murna ta kama shi, sai ya ninka ladan zuwa dala 50,000, wanda Toski ya fara ci.

Yanzu sai mu dubi abin da wannan kuɗi ya yi wa wasan, domin a nan ne na fara ja da baya da May. A 1953 Ben Hogan ya ci Masters, ya ci Babbar Gasar Amurka, ya haye teku ya ci Babbar Gasar Ingila a Carnoustie ta ƙasar Sikotilan. Ba a taɓa haɗa waɗannan uku a shekara guda ba kafinsa. Ladan Masters dala 4,000, na Amurka dala 5,000, na Ingila fam 500. Amma da aka zo lissafin ƙarshen shekara, wanda ya fi kowa samun kuɗi ba Hogan ba ne, Worsham ne, da dala 34,002, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin daga bugu ɗaya suka fito. Daga 1952 har 1957, shekara shida a jere, duk wanda ya ci gasar May shi ne kan gaba a lissafin kuɗi na shekara: Boros, Worsham, Toski, Boros kuma a 1955, Ted Kroll a 1956, Dick Mayer a 1957. Watau sauran gasar da ake wahala a kansu daga Janairu zuwa Disamba sun zama 'yan rakiya. Mako guda a gidan attajiri guda shi yake yanke hukunci.

Har ila yau akwai wani ƙulli a jikin kyautar. Bayan dala 50,000, May yakan ba zakaran kwangilar wasannin nuni guda hamsin, kowane ɗaya dala 1,000, ya bi garuruwa yana wasa da abokan cinikin kamfaninsa yana ɗaga sunan kamfanin. Kuɗi ne mai kyau, babu mai ƙi. Amma fa ma'anarsa ita ce gwanin da ya fi kowa tashe a bana, baɗi ba za a cika ganinsa a fagen gasa ba, yana can yana yi wa maigida talla. A nan ne mutum zai gane cewa gasar, duk da sunanta na Duniya, reshe ce ta ofishin talla na George S. May. Ba laifi ba ne, kuɗinsa ne. Sai dai abin da aka kafa don talla, ranar da mai tallar ya ga ba ta biya masa bukata, ko ransa ya ɓaci, ba abin da zai riƙe shi.

Ran nan kuwa ta zo a 1958. Abin da ya haddasa rigimar ba dala 50,000 ba ne, ba talabijin ba ne, ba ma lambar baya ba ce. Kuɗin shiga ne, 'yan dalolin da kowane ɗan wasa yake biya kafin a rubuta sunansa a gasa. Gardamar ita ce wa zai riƙe su, mai gasa ko ƙungiyar PGA. In aka auna su da abin da May yake zubawa kowace shekara, wanda ladan maza na Gasar Duniya kaɗai ya kai dala 100,000, ba su kai cikin cokali ba. Amma ɗan hakin da ka rena shi yake tsone maka ido. May ya ga cewa shi da yake ciyar da wasan bai kamata a zo a kafa masa sharaɗi a gidansa ba. Ƙungiya kuma ta ga cewa in ta sassauta wa mutum ɗaya don yana da kuɗi, gobe ba ta da bakin yi wa kowa magana. Ba wanda ya risina. May ya soke gasarsa duka, da All American da ta Duniya, da ta maza da ta mata, ya rufe littafi. Bai sake shirya wata ba har ya mutu a 1962.

A shekarar 1958 wanda ya fi kowa samun kuɗi wani saurayi ne mai tasowa, Arnold Palmer, da dala 42,607. Kroll a 1956 ya haura dala 72,000. Wannan shi ne girman ramin da fushin mutum ɗaya ya bari a aljihun 'yan wasa.

Na sha juya maganar nan a raina, ina neman wanda zan ɗora wa laifi. Da ina saurayi May nake bai wa gaskiya ɗari bisa ɗari: mutum ya buɗe ƙofa ga talaka, ga baƙi, ga mata, ya kawo talabijin, ya koya wa 'yan wasa darajar kansu, sa'an nan a saka masa da rigimar kwabbai. Har yanzu ina ganin shugabannin ƙungiyar ba su yi dabara ba, kuma ban mance cewa ƙungiyar da take yi wa May wa'azin ƙa'ida ita ce wadda a wannan lokacin take riƙe da dokar farar fata zalla ba. Amma akwai abin da ya fi wannan nauyi. Mutumin da zai iya kashe gasa mafi girma a duniya da sa hannu ɗaya, bai shawarci ɗan wasa ba, bai shawarci mai kallo ba, bai tuna matan da makonsa ne babban abincinsu na shekara ba, to tun farko gasar ba ta kowa ba ce sai tasa. Cikin shekara goma sha bakwai da ya yi yana shirya gasa bai kafa wani kwamiti ko asusu wanda zai iya ci gaba ba tare da shi ba. Masters ma mutum biyu ne suka kafa ta a 1934, Bobby Jones da Clifford Roberts, kuma Roberts bai fi May sauƙin hali ba. Amma sun jingina ta ga kulob mai mambobi da tsari, shi ya sa duka biyun suka mutu aka ci gaba da yi.

Kuma ba May kaɗai ba ne. A jihar Oklahoma an yi wani attajirin man fetur, Waco Turner, wanda ya shirya tasa gasar daga 1961 zuwa 1964, yana raba wa 'yan wasa tsabar kuɗi hannu da hannu. A gasarsa ta ƙarshe ne Pete Brown ya zama baƙar fata na farko da ya ci gasar da PGA ta amince da ita. Abin lura ne cewa sau biyu ke nan ƙofar da masu tsari suka rufe, attajiri mai gaban kansa ne ya buɗe ta, kuma sau biyu gasar ba ta yi tsawon rai ba. Halin da ya sa ba ya jin tsoron kowa wajen buɗewa, shi ne ya sa ba ya jin maganar kowa wajen rufewa.

Igiyar labarin nan ta taɓo mu ta wani gefe. Lee Elder, wanda shi ma da ɗaukar jaka ya fara, ya kuma taso a gasar baƙaƙe irin ta su Ted Rhodes, ya zo Ikko a 1971 ya ci Babbar Gasar Nijeriya, shekara huɗu kafin ya zama baƙar fata na farko da ya buga Masters a 1975. A waɗannan shekaru ƙwararrun Turai sukan gudo wa sanyin hunturu su zagaya Nijeriya da Kenya da Zambiya suna gasa. A filin Ikoyi Sandy Lyle ya ci gasarsa ta farko ta ƙwararru a 1978, a nan Peter Tupling ya yi bugu 255 a 1981, a kan irin yashin nan namu mai baƙin mai, a nan kuma Vijay Singh ya ci a 1988, tun duniya ba ta san shi ba. Ita ma wannan gasa a kan kuɗin kamfanoni take tsaye, kuma daga shekarun 1990 manyan baƙin suka daina zuwa. Duk wanda ya ga yadda kofunan ƙwallon ƙafa da na dambe da na sukuwa masu sunan attajirai suke tashi da ƙura a garuruwanmu, su yi shekara uku ko biyar, sa'an nan maigida ya faɗi zaɓe ko ya kwanta dama a nemi kofin a rasa, ba sai an yi masa dogon bayani a kan George May ba.

Wani abu kuma da ba zan ɓoye ba, tun da na ce ni ɗan jaka ne. May yana cikin na farkon da suka cika filinsu da 'yan ƙananan motocin nan da suke ɗaukar ɗan wasa da jakarsa daga rami zuwa rami. Ga mai kulob riba ce, don haya ake biya. Ga yaran unguwa kuwa ƙofa ce ta rufe, domin ta hanyar ɗaukar jaka ne Hogan da Nelson da Rhodes da Elder duk suka shigo wasan. Mutumin da ya sassauta wa talaka kuɗin kallo, shi ne kuma ya taimaka wajen toshe hanyar da ɗan talaka yake bi ya zama abin kallo.

Talabijin ɗin da May ya biya don a nuna gasarsa, cikin shekara goma sai ga shi shi ne yake biya, kuma kuɗin ya yi yawan da 'yan wasa da ƙungiyar PGA suka yi ta rigima a kan rabonsa har 'yan wasan suka ɓalle a 1968 suka sami nasu sashen mai cin gashin kansa. A 2022 kuma, da asusun gwamnatin Saudiyya ya ɗauki nauyin sabuwar gasar LIV, wanda ya ci karon farko a kusa da Landan, Charl Schwartzel, dala miliyan 4 ya karɓa, aka sake tayar da tsohuwar gardamar nan ta mai kuɗi da masu tsari kamar ba a taɓa yin ta ba.

Shi kuwa filin Tam O'Shanter, bayan mutuwar May aka sayar da shi a tsakiyar shekarun 1960. Yawancinsa aka gina masana'antu da ɗakunan ajiye kaya a kai. Abin da ya saura hukumar wuraren shaƙatawa ta garin Niles ta karɓa ta mai da shi ɗan fili mai ramuka tara, inda kowa yake iya biyan 'yan daloli ya shiga ya buga, a bakin rafin nan da ƙwallon Worsham ya ƙetare.